Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: maganar faifan ƙyalli a ƙafar tsohon babur



Maganar yau a kan ƙaramin abu take, abin da faɗinsa bai wuce faifan rufe ƙwaryar fura ba. Sai dai a ƙafar babur ake ɗaura shi, ita kuwa ƙafar babur rai take ɗauke da shi, wani lokaci rai biyu, wani lokaci ukku har da goyo.

Duk mai zagaya rumfunan kayan babura, ko a Yamai ne, ko Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san kayan ƙawar da ake rataye wa a bakin rumfa. Cikinsu akwai faifan da nake nufi. Wani na ƙarfe ne mai ƙyalli kamar madubi, wani roba ne kawai aka shafa ma ruwan azurfa. Ana manna shi a tsakiyar ƙafa don ya rufe cibiya, wurin da wayoyin ƙafa suke taruwa, wurin da birki yake zaune. In babur na tafiya rana ta doke shi, sai walƙiya, kowa ya waiga.

Da a sababbin baburan Sin da na Indiya kaɗai abin ya tsaya, da ban ɗaga murya haka ba, ko da yake su ma bai amfane su da komai ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsofaffin babura, na gado, waɗanda iyayenmu suka hau. Yaro ya gaji babur ɗin babansa, ko ya sayo shi hannun wani dattijo, kafin ma ya canja mai sai ka ji yana tambayar inda ake saida faifai.

Matsayina ba shi da kwana-kwana: in babur ɗinka bai fito da faifan nan daga kamfani ba, kada ka sa mishi. In kuwa tsohon babur ne na asali, to hanin ya zama biyu.

Mu fara da sanin baburan da ake magana a kansu. Honda CG 125 ta fito a 1975, kuma da ma don ƙasashe irin namu aka ƙera ta, inda hanya ba kyau, mai gyara ba kusa ba. Akwai Honda Roadmaster da ta yi zamani tsakaninmu da arewacin Najeriya, akwai Suzuki A100, akwai Mobylette ta Faransa wadda aka fara yi tun 1949, da Peugeot P50. Malaman lakwal, malaman gona, ma'aikatan likita da ƴan kasuwa sun ci ƙasa da su, gudro da rairayi. Abin da ya haɗa su duka shi ne birkinsu na tambur ne, gaba da baya. Wato birkin a cikin cibiyar ƙafa yake, a rufe cikin kwanon ƙarfe.

Ga yadda yake aiki. Ka matsa hannu ko ka taka ƙafa, sai fatun birki guda biyu su buɗe su dafe cikin kwanon da ke juyawa. Gogayyar nan ita ke tsaida babur. To gudun da ka kashe ina ya tafi? Zafi ya koma. Duk tsayawa ɗaya, zafi ne ka zuba cikin cibiya. Kuma lissafin ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya: in gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai haɗiye ya ninka huɗu. In ka ƙara nauyi, ka ƙara zafi. Shi ya sa masu ƙera baburan nan suka yi cibiyar da alminiyom, ƙarfen da ke saurin sakin zafi, wasu har suka yi mata tudu da kwari kamar haƙarƙari a kewaye don iska ta samu inda za ta lasa. Haƙarƙarin nan ba zane ba ne, ba ado ba ne. Numfashin birki ne.

Birkin tambur in ya yi zafi fiye da kima, abu biyu ke faruwa. Fatar ta rage kamu, kwanon kuma ya ɗan buɗe ya nisanci fatar. Sai ka ji hannun birki ya yi laushi, ka matsa har ya taɓa kan babur amma babur na ci gaba da tafiya. Wanda ya taɓa gangarowa duwatsun Adar wajen Keita ko Buza da buhunan albasa a baya, cikin watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba ya bukatar a yi mishi bayani mai tsawo. To a irin wannan ƙasa ne za a kawo faifai mai faɗi, wanda ya haura har kan wayoyi, a toshe ma iska hanya? Haba jama'a.

Ba zan ce ɗan ƙaramin faifan da bai wuce faɗin cibiya ba zai dafa birki. Shi laifinsa daban ne, kuma a ganina ya fi na zafi muni: yana rufe ma mai babur ido.

Cibiyar ƙafa tana magana kafin ta lalace. In rulma, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma boris, ta fara gajiya, za ka ga baƙin giris yana tsattsafowa a gefen sandar da ke riƙe da ƙafa. In waya ta saki, za ka ga jar ƙurar tsatsa a gindinta inda take gogar ramin cibiya. In alminiyom ya fara tsagewa, siririn layi ne kamar gashi yake fitowa daga ramin waya. A yawancin Honda akwai ƴar kibiya a hannun birki da alama a jikin murfin tambur: in ka matsa birki kibiyar ta kai ga alamar, fatar ta ƙare, kaurinta ya sauka wajen milimita 2, canji ya wajaba. Kuma tsofaffin direbobi suna da al'ada, in sun sauka daga doguwar tafiya su kai bayan hannu kusa da cibiya. In ta yi zafi alhali ba a yi ta birki ba, to fata na gogawa ko rulma na cin kanta.

Duka waɗannan alamu kyauta ne, ido da hannu kawai suke so. Ka ɗaura faifai, ka rufe wasu, ka sa duba sauran ya zama aiki. Abin da sai an kwance noti kafin a gani, wa zai duba shi kullum da safe? Ba kowa. Ranar da za a gani ita ce ranar da ƙafa ta fara rawa a kan hanyar Maradi zuwa Tasawa, babbar mota na tafe a gaba.

Har kunne ma faifan yana toshewa. Mai gyara na kirki in zai duba wayoyi, ƙarfe yake ɗauka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Mai ɗauri ta yi ƙara ras, wadda ta saki ta yi ƙara a dushe. Shi kuma mai babur da ya saba da abin hawansa, sabon sauti kaɗan ya isa ya tsaida shi. To faifan kasuwa, bayan sati biyu a kan hanyar tsakuwa, kacau-kacau yake farawa. Sai kunne ya saba da hayaniya. Ranar da rulma za ta yi kukanta na gaskiya, sai a ce ai faifan ne.

Yanzu mu zo ga hujjar masu sa shi, don suna da ita, kuma ya kamata a amsa musu.

Ta farko: wai yana kare cibiya daga ƙura da ruwa. Wannan ita ce hujjar da ta fi kama da gaskiya, shi ya sa ta fi yaudara. Faifan nan ba a like yake ba. Tilas akwai tazara tsakaninsa da abin da ke juyawa ko abin da ke tsaye, in ba haka ba ƙafa ba ta motsi. Ƙurar hunturu kuwa, wadda ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, ƴar tazarar nan ƙofar gari ce a wurinta. Bambancin kawai, cibiyar da ke buɗe iska na kaɗe ta, tsumma na share ta, ita kuwa wadda aka rufe, abin da ya shiga ya samu gida. Rairayi ya haɗu da giris ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin robar da ke tsare rulma a hankali. Damina ta zo, ka ratsa ruwan kwari cikin watan Agusta, ruwa ya kwanta bayan faifai ya kwana biyu bai bushe ba. Kuma ƙarfe iri biyu, baƙin ƙarfe da alminiyom, in suka manne da juna da laima a tsakani, alminiyom ne ke ciwo. Farin garin nan da ake gani in an cire faifan da ya daɗe, ba ƙura ba ce. Jikin cibiya ne ya zama gari.

Sannan a tambayi yadda ake ɗaura shi. Faifan da ba don wannan babur aka yi shi ba, hanya ukku ce. Ko a ɗaure shi da waya a jikin wayoyin ƙafa, ya riƙa gogar su, ranar da ɗaurin ya tsinke kuma ya karkace ya shiga tsakanin ƙafa da ƙahon gaba. Ko a cusa shi a sandar ƙafa, tsakanin zoben ƙarfe da ƙahon babur. Nan kuwa wuri ne da kamfani ya auna kowane zobe, don in an ɗaure noti komai ya matse ya zama abu ɗaya. Ka saka siririn gwangwani a tsakani, yau ya matse, gobe ya lotsa, jibi ɗaurin ya yi sako-sako. Ko kuma ta ukku, wadda ta fi ɓata mini rai: a kawo na'ura a huda cibiyar a sa kusoshi. Cibiyar da ta shekara arba'in ba tabo, a huda ta cikin minti biyar don ƙyalli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar alminiyom kuma daga bakin rami take farawa. Ba a maganar ma in faifan bai zauna daidai tsakiya ba, ƙafa ta yi nauyi gefe ɗaya, kan babur ya riƙa kaɗawa in gudu ya yi nisa.

Hujja ta biyu ta masu ɗan bincike ce. Za su nuna maka hoton tsofaffin baburan Ingila a waya su ce, to ga Turawan da suka ƙera abin ma suna sawa. Gaskiya ne, kuma ba na musu. Triumph, masu Bonneville da ta fito a 1959, sun yi shekaru suna fitar da babura da faifai mai ƙyalli a cibiyar gaba. Amma a duba da kyau a ga wane gefe. Gefen da ba birki ne, inda cibiyar ke da rami a buɗe, kuma an ƙera cibiyar tun farko da wurin zaman faifan. A ɗaya gefen, na birki, mi suka yi? A 1968 baki suka buɗe mishi, ƴar mazurarin da ke kamo iska ta tura ta cikin tambur. Kamfani ɗaya, ƙafa ɗaya: inda ba aiki suka rufe, inda ake aiki suka buɗe. Shekara guda bayan haka, a 1969, Honda ta fito da CB750 da birkin faranti a gaba, wanda gaba ɗayansa a fili yake iska na dukansa. Tun daga nan masu ƙera babura buɗe birki suke ta yi. Mu ne za mu koma muna rufewa?

Don haka in kana da babur da ya fito da faifansa na asali, ka bar shi, ka wanke shi, ka riƙa cire shi lokaci-lokaci kana duba bayansa. Wannan kayansa ne. Su ma masu tara tsofaffin babura a Turai tambayar da suke yi ke nan kafin su ɗaura komai: da shi ya fito? Abin da kamfani bai sa ba, rage darajar babur yake a wurinsu, ko da ya fi madubi sheƙi.

Nan ma haka abin yake, ko da ba mu ba shi suna ba. Kai tsohon babur kasuwa da faifai a ƙafa ka ga abin da dillali zai fara yi. Zai ce a cire. Mi ya sa? Ya san abin da ake rufewa da faifai: cibiyar da aka yi ma walda, ramin waya da ya zaizaye, tsatsar da ba a so a gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In an cire aka tarar da ramukan kusa, kuɗi ya faɗi nan take, don cibiyar Japan ta asali ba a shago take ba yanzu. Sai an bi ƴan gwangwan ana roƙo, in ba a dace ba a sa kwaikwayo, babur ya zama rabi na gado rabi na kasuwa. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Hujja ta ukku ita ce ta zuciya: ina son babur ɗina ya yi kyau, laifi ne? Ko kaɗan ba laifi ba ne. Mu mutanen ado ne. Wanda ya taɓa ganin hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya san ba a koya muna yi ma abin hawa kwalliya. Amma ka lura da barden da ya san doki. Sirdi ya sha ado, linzami ya sha ado, wuya da ƙirji sun sha ado. Kofato fa? A buɗe yake, don kowace safiya sai an ɗaga shi an duba ko ƙaya ta shiga, ko ya tsage. Doki da ƙafarsa yake doki. To yi ma babur ɗinka haka. Kai shi wurin badukku ya ɗinka ma sirdin rigar fata irin aikin Damagaram ko na Tawa. Goge tankin, gyara fentin, sa tuntaye a hannu in kana so. Ƙafa kuwa kyanta wanki: cibiyar da aka goge da kananzir da tsumma har alminiyom ɗin ya fito, wayoyi a miƙe ba tsatsa, walle ta fi duk wani gwangwani kyau ga wanda ya san babur.

Saura hujjar da ake kawowa in sauran sun ƙare: kuɗina ne, babur ɗina ne, ina ruwan wani? Ƙanena, da kai kaɗai ne a hanya, da na yi shiru. Amma a bayanka akwai tsohuwar da ka ɗauko daga kasuwa, akwai matarka da jariri, akwai ɗan lakwal da ya tsallaka gudro ba tare da ya waiga ba yana zaton za ka iya tsayawa. In kabu-kabu kake, wanda ya hau bayanka amanar ransa ya ba ka a kan ƴan daloli, kuma ba shi da hanyar sanin abin da ke bayan faifanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma in an kwatanta da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara. Ba faifai ne ya kashe su ba, ban ce haka ba. Amma halin da ke sa mutum ya sayi faifai ya bar birki, shi ne halin da ke cika gadajen likita.

Don abin takaicin ke nan. Sau nawa ka ga babur ƙafa na walƙiya, amma wayar birkin gaba a tsinke an naɗe ta a ƙaho? Wasu ma da gangan suke cire ta, wai birkin gaba na kada mutum, alhali mafi yawan ƙarfin tsayawar babur a ƙafar gaba yake, don nauyi can yake komawa in an yi birki. Sau nawa ka ga faifai sabo fil, taya kuwa ta sulɓe har zare ya fito, fitilar baya ta mutu, madubi babu, hular kwano babu? Kuɗin faifai biyu da ladan mai ɗaurawa, da an kai su ga fatar birki da sabuwar waya da ƙwan fitila, da sun yi aikin da uwa za ta gode.

Ku kuma iyayen gidanmu masu garaji, maganar nan ta fi shafar ku. Yaro ya kawo babur ɗin babansa ya ce a huda, ku kun san abin da hudar za ta jawo, shi bai sani ba. Ladan ɗaurin bai kai darajar sunanku ba. Ku ce mishi a'a, ku nuna mishi dalili, ku buɗe tambur ɗin a gabansa ya ga fatar da idonsa. Yaran da ke koyon aiki hannunku suna kallo, abin da suka ga maigida ya yarda da shi, shi za su yi in sun buɗe nasu. Masu saidawa kuma ba na ce ku zubar da hajarku ba, kowa da abincinsa. Amma kada a ce ma mai saye wai kariya ce. A ce mishi ado ne, ya saya da saninsa.

Wanda kuma ya riga ya ɗaura, abin bai ɓaci ba. Cire shi yau. Wanke cibiyar, ka duba gindin kowace waya. Ɗaga ƙafar sama ka kama taya da hannu biyu ka girgiza ta gefe da gefe: in ka ji tana wasa, rulma ta tafi. Juya ta ka saurara ko akwai gogayya. In faifan a sandar ƙafa aka cusa shi, tabbata an maida zobban yadda suke, an ɗaure noti yadda ya kamata. In an huda, nuna ma mai gyara ramukan ya duba ko tsaga ta fara, kuma ka ci gaba da sa musu ido. Faifan kuwa ka kai gida, ya fi amfani a bakin tukunya.

Baburan nan sun kai shekara arba'in, wasu hamsin, suna tafiya, don waɗanda suka riƙe su kafin mu suna durƙusawa su duba ƙafa kafin su tada inji. Ba wani sirri ban da wannan. In muna so ƴaƴanmu su same su da rai, mu bar musu cibiya a buɗe yadda muka tarar da ita.

Allah ya tsare mu da tsautsayin hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.